IN MOTA TA ƘI TASHI YAU, TA TASHI GOBE

Jama'a, ciwo iri biyu ne. Akwai wanda ya ke kwantar da mutum kowa ya gani, a zo dubiya, a nemo magani. Akwai kuma mai zuwa ya tafi, wanda in an kai mai shi gaban likita sai ya miƙe garau, har mutane su fara cewa lalaci ne ke damunsa. Mota ma haka ta ke. Wadda ta mutu murus ba ta da wuyar sha'ani, sai a ɗaura mata igiya a ja ta zuwa gareji. Amma wadda za ta tashi da safe, ta ƙi tashi da azahar, gobe kuma ta tashi kamar ba ita ba, ita ce mai cinye kuɗin hukuma, ta ɓata aiki, ta haɗa mutane faɗa. Mun sha fama da irin wannan a daminar da ta wuce, saboda haka muka ga ya kamata mu ba malamai da akawuna labari, gama su ne ke shiga irin waɗannan motoci, su ne kuma ke rubuta takardun biyan kuɗin gyaransu.

Yadda Abin Ya Faru

Aikinmu rangadin makarantu ne. Magabatanmu na zamanin En'e da yawa a kan doki ko keke suka yi shi. Mu kuwa an ba mu jif mai ja da ƙafa huɗu, mai shan man gas. Tsohuwa ce, amma ba ta san kasala ba, rairayi da taɓo da gargadar hanyar burji duk ɗaya ne a wurinta.

Ran nan muka je wata makaranta a ƙarshen hanya, bayan mun ƙetare rafi biyu. Da muka gama aiki wajen la'asar, direba ya murɗa makulli, sai muka ji ƙas, sau ɗaya, shiru. Ya sake, ƙas. A na uku inji ya juya sau ɗaya da kyar, kamar mutumin da zazzaɓi ya kayar, ya tsaya. Malamai da manyan yara suka tura mu, nan da nan ta kama. Kashegari da safe a gari, murɗawa ɗaya ta tashi.

Muka kai ta gareji. Makaniki ya ta da ta ya fi sau goma a gabanmu, ba ta ƙi ko sau ɗaya ba. Ya ce watakila batir ne ya tsufa. Aka rubuta takarda, aka sayo sabo. Mako biyu lafiya lau, sa'an nan ta sake yi mana a wani ƙauye. Muka koma, aka ce ai kik ne. Aka sake rubuta takarda, aka sayo sabon kik. Mako uku ba mu ji kome ba, har muka yi hamdala.

Ranar da abin ya ƙona mana rai ita ce ranar da muka ɗauko takardun jarrabawa za mu raba wa makarantu biyu. Muka sauke na farko, direba ya kashe mota, ta ƙi tashi. Ga shi kuwa a kwari muka tsaya, cikin rairayi, inda turi ba ya yiwuwa. Sai da aka kwanto shanun noma daga gona suka jawo ta tudu. Ba mu isa makaranta ta biyu ba sai bayan azahar. Muka tarar da yaran da suka taso daga ƙauyuka tun da asuba suna zaune gindin bishiya da yunwa, waɗansu kuwa iyayensu sun riga sun kira su gona. Wanda ya san wahalar da malamin ƙauye ke sha kafin uba ya yarda ɗansa, balle 'yarsa, ya zauna jarrabawa, ya san abin da muka ɓata a ranar nan.

An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Da muka komo ofis, akawun kuɗi ya kawo lissafi. Ya ce an biya sau biyu, cuta tana nan, saboda haka ko dai direba ba ya kula da mota, ko kuwa ya haɗa baki da makaniki. Ba mu ga laifin akawu ba, tsaron dukiyar jama'a shi ne aikinsa. Aka buga takardar tuhuma, aka ajiye mana a tebur mu sa hannu.

Muka kira direba. Ya tsaya ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ban ci ko kwabo ba. Motar nan a gari lafiyarta lau, sai mun shiga daji ta ke yi mini haka." Mutum ne mai iyali, ya daɗe yana jan mu bai taɓa ko buge akuya ba. Muka tuna zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Muka ce a dakata da takardar nan wata guda. Muka kuma lura da maganarsa, gama a cikinta akwai abin da ba wanda ya tsaya ya auna: me ya sa a daji, ban da gari?

Yadda Mota Ke Tashi

Kafin mu ci gaba, bari mu yi bayani kaɗan, don wanda bai san hanya ba ba zai gane inda ta yanke ba.

Inji ba ya iya ta da kansa, sai an juya shi tukuna. Da can da hannu a ke juyawa, da wani lanƙwasasshen ƙarfe da a ke zurawa ta gaba, ya kuwa karya hannun mutane da yawa. A 1912 ne motar Cadillac ta Amurka ta fito da kik na lantarki wanda Charles Kettering ya shirya. Duk da haka Land Rover, wadda ta fara fitowa a Ingila a 1948, ta daɗe tana zuwa da ƙarfen nan na hannu, don ranar da batir ya ƙi. Motocin yanzu ba su da shi.

Batir ɗin mota na dalma ne da ruwan batir, irin wanda wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙago a 1859. Ɗaki shida gare shi, kowane ɗaki yana ba da wajen bolt 2.1, watau in ya cika, bolt 12.6 ke nan. In an murɗa makulli, 'yar wuta kaɗan ke bin siririyar waya ta je wani makunni mai maganaɗisu da ke jikin kik. Shi ne mai yin ƙas ɗin nan. Aikinsa biyu ne: ya tura ɗan haƙorin kik cikin haƙoran babban faifan inji, ya kuma haɗa waɗansu tagulla biyu don babbar wuta ta wuce daga batir ta kaurin waya zuwa kik.

To, ga inda mutane ke mantuwa. Lantarki ba ya fita sai da hanyar komowa. Wutar da ta shiga kik ta kan bi ta jikin inji, ta bi wata kitsattsiyar wayar tagulla da ta haɗa inji da ƙarfen gindin mota, sa'an nan ta koma ɗaya kan batir, mai alamar ragewa. Dole a sa wannan waya, domin inji a kan roba ya ke zaune, roba kuwa ba ta ɗaukar wuta. Hanyar zuwa a sarari ta ke, kowa na ganinta in an buɗe murfin inji. Hanyar komowa kuwa sau da yawa tana can ƙasa, inda taɓo da ruwa ke dukanta.

Ƙin Tashi Kashi Uku Ne

Kalmar "ta ƙi tashi" ba ta gaya wa makaniki kome. Kamar uba ne ya zo ya ce yaro ba ya ƙoƙari, bai faɗi ko karatu ne ko lissafi ba. Sai a rarrabe.

Na farko, a murɗa makulli a ji shiru, ko ƙas kaɗai, inji bai juya ba. Na biyu, inji ya juya amma da kyar. Waɗannan biyu maganar batir ce, da kawunansa, da wayoyi, da makulli, da kik. Na uku, inji ya yi ta juyawa da ƙarfinsa amma bai kama ba. Wannan ba ruwan batir da kik, a bar su su huta. In motar man gas ce, a duba iska a cikin bututun mai, da ruwa ko datti a matatar mai, da fulogin ɗumama inji in lokacin sanyin hunturu ne. In ta fetur ce, a duba ko mai na isowa, a duba ko fulogi na ba da tartsatsi. Sababbin motoci kuma suna da na'urar da ke gaya wa kwamfutar mota juyawar inji, wadda wani lokaci ta kan ɗauke in ta yi zafi ta dawo in ta huce, da kuma makulli mai hana sata wanda in mota ba ta gane shi ba ba za ta kama ba.

Akwai gwajin da ba ya bukatar kayan aiki ko ɗaya. A kunna fitilun gaba, mutum ɗaya ya tsaya yana kallo, direba ya murɗa makulli. In fitilu suka mutu ko suka dushe ƙwarai, to, batir ya yi sanyi, ko kawunansa sun yi datti ko sun kwance, ko kuwa kik ya cije. In kuwa suka tsaya da haskensu, batir ya kuɓuta daga zargi, wuta ce ba ta samun hanyar ratsa kik.

Littafin Akawu

Muka roƙi akawun nan da ya rubuta takardar tuhuma ya ja mana layi a littafin tafiye-tafiyen mota. Duk ran da ta ƙi tashi a rubuta abu shida: wace rana da wane lokaci, wace irin hanya aka biyo, an shiga ruwa ko ba a shiga ba, inji da zafi ko da sanyi, wane sauti aka ji, fitilu sun dushe ko ba su dushe ba. Muka kuma zauna da direba muka tuno na baya muka cike.

Kafin wata ya ƙare, littafi ya yi magana. Ba ta taɓa ƙi da safe a gari ba. Kowane ƙi ya biyo bayan doguwar tafiya a gargada, yawanci kuma an ƙetare ruwa. Sauti kullum ƙas ne ko juyawa da kyar. Fitilu kuwa ba su taɓa dushewa sosai ba. Direba ya ƙara da wani abu da ya ce da ya ji kunyar faɗi kada a yi masa dariya: ran nan da ya buɗe murfin inji bayan ya yi ta murɗa makulli, hannunsa ya taɓa wayar totur ya ji ta da zafi.

Da Tsohuwar Zuma A Ke Magani

Muka ɗauki littafi muka tafi wurin wani dattijo mai gyaran wayar mota. Bai taɓa motar ba tukuna, sai ya sa aka karanta masa littafin daga farko har ƙarshe. Da aka zo kan wayar totur ya ɗaga hannu.

Ya ce wa direba, "Ɗana, wa ya hura wuta kusa da wayar totur?"

Direba ya ce, "Ba kowa, Baba."

Ya ce, "To, lantarki ne ya bi ta cikinta. Ya rasa hanyarsa ta komawa gida, ya bi ta gonar mutane."

Sa'an nan ya juyo wajenmu ya ce, "Malam, yau lafiyarta lau, in na ce na gani na yi ƙarya. Mai irin wannan ciwo sai a kama shi ran da ya tashi." Ya ba mu aron kaurin waya mai baki biyu, irin wadda a ke jona batir da batir. Ya ce ran da ta ƙi, a maƙala baki ɗaya a kan batir mai alamar ragewa, ɗayan a jikin inji inda ƙarfe ya ke fes ba fenti, a murɗa makulli.

Kwana huɗu bayan haka ta ƙi, a ƙofar wata makaranta. Direba ya maƙala waya, murɗawa ɗaya ta tashi. Muka ce a kashe, a cire wayar. Ƙas. A mayar, ta tashi. Sau uku muka yi haka, domin sau ɗaya yana iya zama dace, kamar yadda sabon batir da sabon kik suka ruɗe mu. Yaran da suka taru don turi suka koma aji ba su taɓa mota ba.

Da muka komo, dattijo ya shiga ƙarƙashin mota ya kankare busasshen taɓo. Ga kitsattsiyar wayar nan, daga nesa kamar lafiyayya. Da ya kwance noti, sai ga tsatsa ta cika ƙarƙashinsa, silin tagulla fiye da rabi sun tsinke, sauran sun yi kore. Ya goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ya sa sabuwar waya, ya ɗaure tam, ya shafe da giris. Kuɗin duka bai kai ushirin kuɗin batir ba. Tun daga ranar har damina ta ɗauke ba ta sake ƙi ba.

Ga Lissafi Don Malamai

Wani zai ce, in wayar ta lalace, me ya sa fitilu da ƙaho suna aiki? Na ɗaya, su ta jikin mota su ke komawa batir, ba ta inji ba. Na biyu, abin da su ke ja kaɗan ne. Fitilun gaba biyu wajen amfiya 10 su ke ja, kik kuwa ya kan ja amfiya 200, a motar man gas ma har fiye. Gadar itace ɗaya mutum guda zai ƙetare ta lafiya, garken shanu ba zai ƙetare ba.

Wani Bajamushe, Georg Ohm, ya bayyana ƙa'idar wannan a 1827: bolt ɗin da ke ɓata a hanya shi ne yawan amfiya sau turjiyar hanyar. A ce tsatsa ta kawo turjiya ta om 0.01 kacal. In amfiya 10 ce ke wucewa, bolt 0.1 ya ɓata, ba wanda zai lura. In amfiya 200 ce, bolt 2 ya ɓata. In tsatsar ta ninka uku, bolt 6 ke nan, rabin ƙarfin batir ya tafi a banza ya zama zafi. Ga lissafin da malami zai iya ba manyan yara a allo.

Zuwa da tafiyar ciwon ma yanzu ya fito fili. Gargada na girgiza inji, sauran silin tagulla su motsa, yau su zauna daidai, gobe su goce. Ruwa da taɓo na ciyar da tsatsa, zafi na buɗa ƙarfe, sanyin dare na tsuke shi. Muna kuma zaton makanikin da ya sa sabon kik ya motsa wayar nan bai sani ba, shi ya ba mu mako ukun da muka yi hamdala.

Wanda ke da mitar awon lantarki, wadda a ke samu a kasuwannin kayan mota irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, ga abin da zai nema. Batir da ya huta sa'o'i, 12.6 cikakke ne, 12.2 wajen rabi. Lokacin da kik ke juyawa kada ya faɗi ƙasa da 9.6. In inji na aiki a ga wajen 13.8 zuwa 14.4, alamar ana cika batir ke nan. Sa'an nan a sa baki ɗaya na mita a kan batir mai alamar ragewa, ɗaya a jikin inji, a murɗa makulli. In ya wuce rabin bolt, hanyar komowa ba lafiya. Haka a ke auna hanyar zuwa, daga ɗaya kan batir zuwa kik. Amma fa sai ana murɗa makulli, in wuta ba ta gudu mita ba za ta nuna kome ba. Na'urar nan da a ke jona wa sababbin motoci ta karanta kwamfutarsu tana da amfani, sai dai sau da yawa ba ta ganin tsatsar da ke ƙarƙashin noti.

Kada kuma a ɗauka kowane ƙas wayar komowa ce. In an maƙala kaurin waya ba ta tashi ba, a duba kawunan batir, a duba tagullar nan biyu na cikin makunnin kik, waɗanda su kan cinye da daɗewa har sai an murɗa sau da yawa su kama. Su ma ana iya sake su ba sai an sayi kik ɗungum ba. A duba makulli kansa, da ɗan makunnin da waɗansu motoci ke da shi wanda ke hana tashi in ba a taka kuloci ba.

Gargaɗi

Kafin kowane gwaji a cire giya, a ja birkin hannu, a sa dutse a ƙafa, a kori yara daga gaba da baya. A tuɓe zobe da agogon ƙarfe. Kada a kawo ashana ko taba kusa da batir, gama yana fid da iska mai kamawa da wuta. In za a kwance batir a fara da kai mai alamar ragewa, in za a mayar shi ne na ƙarshe. Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15, a bari kik ya huce kafin a sake. A kuma tuna mota mai canja giya da kanta ba ta tashi da turi.

Abin Da Ya Rage Mana

Tsohon batir da tsohon kik suna nan a sito. Muka sa dattijo ya gwada su, ya ce dukansu biyu da sauran aiki a jikinsu. Watau kuɗin da zai sayi alli da littattafai na makarantu da dama mun kashe shi a kan lafiyayyun kaya, da sa hannunmu. Laifin ba na makaniki kaɗai ba ne. Mun kai masa mota ran da ta ke lafiya, ba mu kai masa labari ba, muka kuma matsa masa ya faɗi wani abu.

Akawu da kansa ya zo ya karɓi takardar tuhuma daga teburinmu, ya sami direba a gindin mota ya ce, "Malam, ka yafe ni." Direba ya ce ba kome, ai littafinsa ne ya wanke shi.

Roƙonmu ga akawuna shi ne, in an kawo takardar sayen batir ko kik, kafin a biya a tambaya: wane gwaji aka yi, me ya nuna? Malaman ƙauye kuma, in motar hukuma ta ƙi tashi a ƙofar makarantarku, kafin ku kira yara turi ku ba direba minti biyar, ɗayanku ya tsaya gaban fitilu, ɗaya ya kasa kunne, ku rubuta abin da kuka gani ku ba shi ya tafi da shi. Shugabannin ofisoshi kuwa su sa a sayi kaurin wayar nan a ajiye cikin kowace motar rangadi, a kuma riƙa wanke ƙarƙashin mota a duba wayar komowa kafin damina da bayanta.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai mu inda yara ke jiranmu a kan lokaci, amin.